Jakar Goyon da Na Ƙi Karɓa

Birnin Kudu,
Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama, ya yalwata miki makwanci. Na san inda kike ba a kai wasiƙa, na kuma san ba za ki karanta wannan ba. Da limamin unguwarmu zai leƙo ya gan ni a kan tabarma da biro, cewa zai yi in ajiye in ɗauki carbi, kuma da gaskiyarsa. Addu'a ina yi miki, ban fasa ba ko rana ɗaya cikin wata goma sha huɗun nan. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, ta ƙi wucewa ta ƙi fitowa, sai na ce bari in gwada takarda.

Jibi Asabar zan fara aiki a Dingaya. Kwana ashirin na yi ina neman jakar da zan zuba kayan aikina, irin wadda ake goyawa a baya. Ki ji fa, ƙaton bakanike mai furfura, wanda yake jin ƙarar inji daga nesa ya faɗi abin da ke damunsa, shi ne zaɓen jaka ya gagara. Yau da safe na tsayar da magana, amma maimakon hankalina ya kwanta sai ya ƙara tashi, don ban sani ba ko na yi daidai, wadda za ta gaya mini kuma ba ta nan. In na shiga ɗaki sai in fito, in na fito sai in ga kamar na bar wani abu a ciki. Ɗazu na kwance kafireton babur ɗina, lafiyarsa ƙalau, na wanke na mayar, don dai hannuna ya samu abin yi.

Bari in fara ba ki labarin gida, kada ki ce na faɗo miki ba sallama. Zogalen da kika dasa a bayan madafa ya wuce katanga, matan unguwa sun mayar da shi nasu, ni kuma ban hana ba. Jar akuyarki ta haifi biyu. Halinta na nan, kwanaki ta cinye mini igiyar tayar da inji sabuwa fil, ta tsaya tana kallona tana tauna. Na ɗaga takalmi, sai na tuna taki ce, na ajiye. Abinci Hansatu ƙanwarki ce take aiko mini. Allah ya saka mata, amma hannunta da gishiri sai addu'a, kuma ban taɓa gaya mata ba. Har yanzu masu ɗinki suna zuwa. Watan jiya wata mata daga Wurno ta zo da atamfa a leda tana ta sallama, ashe labari bai kai mata ba. Na tsaya a soro na rasa ta inda zan fara, har ita ce ta gane da kanta ta zauna a dakali.

Babban labarin shi ne Maryama 'yar Hansatu ta sauka lafiya, mace, kuma an yi miki takwara. Ba a kama sunan, Ummi ake ce mata. Kin ji, sai da kika tafi aka samu mai sunanki da ake kira Ummi. Ranar suna aka miƙo mini ita, na rasa yadda ake riƙewa, mata suna ta yi mini dariya wai na tallabe ta kamar batir. Ki riƙe maganar yarinyar nan a ranki, zan dawo kanta.

Aikin Dingaya kuwa, Alhaji Dauda ne ya kawo shi, shugaban masu noman rani na can. Har gida ya zo. Injinan ban-ruwansu sun yi yawa, suna son bakanike ɗaya da zai riƙa zagaya su duk tsawon rani. Na yi murna, don zaman gidan nan ya ishe ni. Sai dai lambunan a tsallaken kogi suke. Babur a gaɓa yake tsayawa, daga nan mutum ya naɗe wando ya shiga ruwa, in ya haye kuma ya bi 'yar siririyar hanya tsakanin fangalin albasa da na tumatir. Akwatin ƙarfena ba zai je ba. Tsohuwar jakar ratayen nan tawa ta buhu kuwa an raba ni da ita. Bayan tafiyarki da wata biyar ta karkata a hanyar Wurno, ta ja ni da babur cikin yashi, na faɗi a kan kafaɗar dama, wadda kika sha gasa mini da ruwan zafi. Likita ya ce in ina so in ci gaba da ɗaga hannu in yi kabbara, to in daina ɗora wa kafaɗa ɗaya kaya, in raba nauyin biyu a bayana. Na ce masa to. Ban gaya masa cewa an riga shi faɗa da shekara biyu ba, kuma wadda ta faɗa ba ta taɓa sa farar riga ba.

Na fara da kasuwarmu. Jakunkunan da ke rataye duk na 'yan makaranta ne, wata da hoton mage, wata da ɗan ƙwallo. Mai shagon ya tambaye ni aji nawa yaron yake, na ce masa yaron ya daɗe da gamawa, gemu gare shi. Na zuba sifana shida da guduma a wata don gwaji, ina ɗagawa na ji ɗinkin hannun yana ƙara, na yi maza na ajiye masa abarsa kafin mu yi rigima. Na koma wajen 'yan gwanjo. Nan na ga wata mai kauri irin ta matafiya, ƙyallen ba laifi, amma baki ɗaya gare ta, ba aljihu ko guda, cikinta kuma baƙi ƙirin. Irin wannan, in kana neman sifana lamba goma sai ka zazzage komai a ƙasa, ƙananan notoci su shige yashi, mai lambu yana tsaye a kanka albasarsa tana ƙuna. Na ce a'a.

Aka ce in je Gwaram, akwai wanda yake saro irin ta kanikawa daga Kano. Na je ranar kasuwa. Rakiya, jakar nan ba ta da laifi, in faɗi gaskiya. Gindinta mai tauri, tana tsayuwa da kanta. Aljihuna a jere, hannayen masu faɗi da soso a ciki. Amma na zauna a bencin mutumin nan ina neman aibi kamar an aiko ni. Na ce zif ɗin roba ne, yashin fadama zai kashe shi kafin albasa ta yi kai. Na ce bayan ba shi da kauri, tsinin sukudireba zai riƙa sukana a haƙarƙari. Na zuge na rufe, na ja na murɗa, har mai kayan ya gaji ya ce ko matar aure ce da tuni na gama zaɓe. Sau biyu ina zuwa, sau biyu ina dawowa hannu rabbana.

A dawowa ta biyu na tsaya wajen duwatsu na kashe babur, na zauna a inuwa. A nan na yarda cewa ba zif ne damuwata ba. Sunan ne. Duk wanda na yi wa kwatance sai ya ce au, jakar goyo nake nufi. Duk sanda aka faɗi kalmar sai in ji ina so in tashi in bar wurin. Kin san dalili.

Kin tuna ranar da aka kira ni aiki Surko? Na san kin tuna, ni ne na yi shekara uku ina yin kamar na manta. Injin niƙan wani mutum ya tsaya ana gobe biki, kwanukan mata a jere har bakin hanya. Na je da zafin rana, na buɗe jaka, babu sifana lamba sha uku. Rabin notocin injin nan ita ce take kwance su. Na laluba, na zazzage, babu. Na sa filaya na dinga fama har na cinye kan noti, filayar ta zame na yanke a hannu, masu kallo suka fara 'yan maganganu wai an kira bakanike ya zo da baki kawai. Na dawo gida ina tafasa. Da ma na yi makonni ina ganin farin alli a jikin sifanuna, ina mita ni kaɗai, ban taɓa tambayar daga ina yake ba.

Kika tare ni a tsakar gida da murmushi, kika ce Injiniya ya yi haƙuri, laifinki ne. Haka kike kirana tun muna amarci, tunda ba ki kama sunana, kuma Allah bai ba mu wanda za a ce baban wane ba. Kika ce ke ce kike ɗaukar sifanun ɗaya bayan ɗaya in na tafi masallacin Juma'a ko na kwanta da rana, ki ɗora a ƙyalle ki zana da alli ki mayar, yau ne kawai kika manta. Kika ce jakar goyo kike ɗinka mini don kafaɗata ta huta, har ta kusa ƙarewa, saura hannaye. Kina magana idonki yana ƙyalli, kina jira in yi dariya.

Ni kuwa me na ce? Zan rubuta shi yadda na faɗa, don in gan shi da idona. Na ce miki ni ba mace ba ne da zan yi goyo. Da na tsaya nan da da sauƙi. Sai na ƙara da cewa ke da aka kawo gidan nan don goyo, shekara goma sha tara ba ki yi ba, sai ni za ki ɗora wa.

Ba ki yi kuka ba. Murmushin ma bai gama barin fuskarki ba, ya tsaya a nan kamar ya rasa hanya. Kika juya kika ɗora ruwa, kika wanke mini yankan hannuna, kika kawo tuwo. Na ci, wallahi na ci, har na nemi ƙarin miya. Daga ranar ba ki sake ambaton jaka ba, ni ma ban sake ba. Ranar kasuwa na je na sayo sabuwar sha uku. Kin san me ya sa? Don kada in tambaye ki tsohuwar. Tambayar za ta kai ni ga ban haƙuri, ni kuma bakina ya yi nauyi. Sai na riƙa shigowa da tsire a takarda, da sallah na ƙara miki atamfa, ina ganin ai kin gane. Irin ban haƙurinmu ke nan na maza, a kawo nama a yi shiru.

Abin da ya fi cin raina, ni fa ina ganin kaina gwanin miji. Mun yi aure shekara biyu bayan an ba mu jiha, kika yi ɓari uku, daga nan shiru. 'Yan'uwana suka yi ta matsa mini in ƙara aure, na ce ni ke kin ishe ni, na kuma riƙa yawo a gari da wannan maganar ina jin daɗin a ce Isiyaku mai haƙuri ne. Ashe gorin yana nan kwance a ƙarƙashin harshena shekara da shekaru, jira kawai yake a ɓatar mini da sifana. Shekara biyu muka ƙara tare bayan ranar. Da ciwo ya zo, kwana tara kawai ya ba mu. Ina zaune a gefenki, kullum sai in ce gobe in kin ɗan ji ƙarfi zan faɗa. Me ya hana ni faɗa ranar farko? Numfashi nawa kalmar take ci?

Ranar Lahadin nan da ta wuce Hansatu ta zo ɗaukar keken ɗinkinki. Tun rabon gado ya faɗa hannunta, ta bar shi a ɗakinki don ba ta da zuciyar taɓa shi, yanzu kuma Maryama tana son koyo. Muna janye shi daga jikin bango sai ga ƙunshi a baya, a naɗe cikin tsohon zaninki mai ruwan ƙasa. Ni duk zatona kin daɗe da yayyanka jakar nan kin yi tsumma. Na kwance, sai ga ta.

Koren tamfol ne, irin na rufin mota. A ƙasa kin yanko gindin jarka kin ɗinke a ciki, don ta tsaya da kanta ko a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwa bai shiga ba, baƙin mai bai fita ba. Cikin kin shimfiɗe shi da farin buhun fulawa, yadda ko ɗan ƙaramin noti ya faɗa mutum zai gan shi. Bayan kuwa ninki biyu ne, da robar tsohon tif na taya da soso a tsakani, babu tsinin da zai kai ga fata. Ba ki sa zif ba, marfi kika yi da manyan maɓallai. Mazaunin guduma yana ƙasa, manne da baya, inda nauyi ba zai ja mutum ba. Aljihunan sifana a jere, kowanne da lambarsa da jan zare, har yanzu ana ganin sawun allin. A gefe akwai wani ɗan aljihu da na rasa na mene ne, sai Hansatu ta ce na ƙuli-ƙuli ne ko dabino, don kin sha gaya mata in na fita aiki mantawa nake da cikina. Duk abin da na yi kwana ashirin ina nema a kasuwa biyu, ke da ba ki taɓa kwance noti ba kin riga kin hango shi.

Aljihunan duk fanko ne sai guda ɗaya. Sha uku tana zaune a mazauninta, ko ɗigon tsatsa babu, an shafe ta da man keke. Yaushe kika shafa mata man, Rakiya? A ranar, ko daga baya kike ɗaukowa in na fita? Jira kike in tambaya?

Hannayen ne kawai ba a ɗinke ba, an kafe su da allurai. Wani saƙi ne baƙi mai ratsin fari da ja, an ninke shi a kan soso. Na kama ina ja, ina cewa kai, wannan ƙyalle da ƙwari yake, ko a ina kika samo shi. Na waiwaya na ga Hansatu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Da ta samu bakin magana ta ce majanyinki ne, wanda Inna mahaifiyarku ta sa aka saƙa miki da kika samu cikin fari. Ta ce a ƙasan akwatinki yake zaune tun lokacin, duk shekara kina fito da shi ki shanya ki mayar. Shekara ashirin da ɗaya abu yana cikin gidana, ni ko kamanninsa ban sani ba. Kin raba shi biyu ta tsawo, kin yi mini hannaye da shi.

Wato a ranar da na yi miki gori, kin riga kin sa masa almakashi. Kin riga kin zauna ke kaɗai kin haƙura, ba ki gaya wa kowa ba, kika ce tunda bai goyi ɗa ba bari ya goyi abin da yake ciyar da gidan. Abin da kika tare ni da shi ke nan kina murmushi. Ni kuma na zo da yankan filaya a hannu ina ganin ni aka cuta.

Da Hansatu ta share hawaye sai ta roƙe ni abu ɗaya. Ta ce tunda ba a ɗinke ba, in ba ta ɓangarorin majanyin biyu ta haɗe su ta ba Maryama, a goyi takwararki da shi. Ta ce saƙar da Inna ta sa aka yi ce, ya kamata ko sau ɗaya ya yi aikin da aka saƙa shi dominsa, ni kuma in je in ɗauko ta Gwaram tunda na ce ba ta da laifi. Na ce ta ba ni lokaci, ta ce za ta dawo ranar Juma'a. Maganarta ba ta da makusa. Wa zai ce baƙin mai da gumin bakanike sun fi jaririya cancanta? Kuma da wane ido zan ce nawa ne, ni da na ƙi shi da bakina?

Kwana uku na yi ina kai da kawo. In ajiye jakar a kan gado, in ɗauke in rataye, in sauko da ita. Na ɗauki babur zan tafi Gwaram, na kai bakin gari na juyo. Da kina nan me za ki ce? Ke da ba kya hana yaro komai, na san za ki iya cewa a ba ta. Amma ke ɗin ce kuma kika ajiye ƙunshin a bayan keke shekara biyu, ba ki warware ba, ba ki ba kowa ba, alhali a cikin shekarun nan an yi haihuwa nawa a danginku?

Jiya na lura da wani abu. Duk sanda na ce a raina bari kawai in ba Hansatu, sai in ji wani sauƙi ya sauko mini. Sauƙin ne ya ba ni tsoro, don na san shi. Irinsa na ji ranar da na sayi sabuwar sha uku. In na bayar, mutane za su ce Isiyaku ya kyauta, ni kuma na tsira daga ganin abin nan a kafaɗata kullum. Wato in sake ƙin karɓa karo na biyu, in sa masa suna kyauta. Ke kika yanka da almakashinki, cikin hankalinki, kika ce ga wanda za a ba. Wane ni in warware?

Yau da safe na kai jakar wurin Bulus, mutumin Filaton nan mai ɗinkin kujerun babur a bakin tasha, wanda kike aron babbar allura a wurin matarsa. Ya juya ta ciki da waje, ya daɗe yana duba ɗinkin. Bai tambayi wanda ya yi ba, ya gane hannunki. Ya sake yi mini gaisuwa kamar jiya aka yi rasuwar, ya ce ba abin da zai gyara, hannayen kawai zai kafe. Na zuba kaya na goya don a gwada, sai ta sauko mini har ƙugu. Ashe da rigata kika auna, lokacin da nake cin tuwonki. Yanzu na rage, hannayen sun yi tsawo da kamar yatsa huɗu. Bulus ya ɗauko almakashi zai rage, na riƙe masa hannu. Na ce ya ninke ya bi da ɗinki, an yanka shi sau ɗaya, ya isa.

Da ita a bayana na ratso tasha da ƙafa. 'Yan acaɓa suka ga abin nema. Wani ya ce Baba ya koma firamare, wani ya ɗaga murya yana tambaya mace aka samu ko namiji. Aka yi dariya, ni ma na ɗan taya su, kafin in kai kwanar masallaci kowa ya koma harkarsa. Shi ke nan fa, Rakiya. Abin da na ji tsoro ke nan, dariyar da ba ta kai a sha kofin shayi ba. Saboda ita na faɗa miki abin da na faɗa.

Gobe Hansatu za ta zo ta tarar an ɗinke. Za ta ji haushi, kuma tana da hakki. Ban san yadda zan yi mata bayani ba, wataƙila in ba ta takardar nan ta karanta, wataƙila in kasa. Zan sa a saƙa wa takwararki sabo, na san ba zai zama ɗaya ba. In na yi kuskure a nan ma, ki haɗa da na baya.

Ki yafe mini, Rakiya. Ba ki gaza ni da komai ba. Shekara ashirin da ɗaya kina ɗauke da ni da halina, ban taɓa kiran wannan goyo ba sai yau. Ga shi na rubuta, ya fito, ko da yake ya zo a makare.

Sha uku biyu gare ni yanzu, aljihun kuma na guda ɗaya kika yi. Na jefa sabuwar a akwatin ƙarfe, taki ce za ta je Dingaya. Na sa dabino a ɗan aljihun gefe. Jibi in na ajiye babur a gaɓa zan goya, hannuwana biyu a sake kamar yadda kika so, kuma kafin in shiga ruwa zan ɗaga su in roƙa miki gafara. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a inda zan faɗa miki da bakina.

Na bar ki lafiya.

Mijinki,
wanda kike ce wa Injiniya.